Adakar Baba Saja

Wanda duk ya yi ƙuruciyarsa a Fagge ko Tudun Wada ko Birget a shekarun 1960 ya san irinsu, domin kowace unguwa da nata. Tsoho ne mai miƙaƙƙen baya, in yana tafiya sai ya ɗaga ƙafa ya dire ta daidai, kamar ana buga masa wata ganga da shi kaɗai yake ji. Namu ana ce masa Baba Saja. Gadi yake yi a wani sito na gyaɗa kusa da layin dogo, ya kwana a can, da hantsi ya dawo ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar zaure. In ya tashi zuwa masallaci sai mu jeru a bayansa muna “lef, rai, lef, rai.” Ko waiwayowa ba ya yi. Iyayenmu mata kan leƙo su ce, “Ku rabu da shi, ɗan Bama ne, ƙarar igwa ta taɓa shi.” Da wannan muka gama da sha’anin mutumin, muka ci gaba da wasanmu.

Bamar da suke nufi ba ta Borno ba ce. Ƙasar Burma ce, can gabas da Indiya, wadda yau ake kira Myanmar. Dubun dubatar samarin ƙasar nan Ingila ta kwasa ta kai can a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila, ko da yake waɗanda aka kai Bama ba su taɓa ganin Bajamushe ba. Da Japanawa suka gwabza.

Wata ranar damina, ina aji biyar na firamare, ruwa ya tare ni a hanya na faɗa zaurensa. Na tarar ya jawo wata baƙar adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado, yana fitar da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana kaɗe su saboda gara. Na tsuguna na gaishe shi, ina jiran ya kore ni, don na san ina cikin masu bin sa da lef-rai. Sai ya ce, “Matso, ɗan nan, riƙe mini wannan.” Ya ɗora mini wata tauraruwa ta tagulla mai tsini shida a tafin hannu, tana rataye da ƙyalle ja a tsaka, da ratsin shuɗi da na ruwan lemo a gefe. Akwai jar dara da asu ya fara ci. Akwai ɗan littafin sallama daga soja, takardunsa sun yi laushi kamar tsumma. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani guntun ƙyalle ruwan ɗorawa, da baƙin gizo-gizo a tsakiyarsa, kansa yana kallon ƙasa. Na ce, “Baba, Gizo ne?” Ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce, “Shi ne. Tare muka je.”

Sai da na girma na gane cewa ba wasa yake mini ba. Tambarin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ke nan, wadda aka kafa a 1943, ta haɗa sojojin Najeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da yau ake kira Gana. An ɗauko gizon daga tatsuniyar Ashanti, inda suke ce masa Ananse, mai cin galaba da wayo a kan wanda ya fi shi ƙarfi, daidai da Gizon da kakanninmu ke ba mu labari bayan sallar isha. Ƙanwarta, runduna ta 82, tambarinta mashi biyu ne a gicciye bisa gammo. Gammon nan da ’yan mata ke naɗawa in za su rafi, shi ne ya zama alamar runduna guda, kuma za mu zo kan dalili.

Yadda ya shiga soja, irin yadda da yawansu suka shiga ne. Turawa suka aika wa sarakuna, sarakuna suka aika wa hakimai, hakimai suka ɗora wa dagatai, kowa a kawo adadi kaza na majiya ƙarfi. Wasu da ƙafarsu suka je, don sule guda a rana kuɗi ne ga saurayin da haraji ya hana shi barci. Shi kuwa nuna shi aka yi a dandali, domin mahaifinsa ba shi da kowa a fada. Ya ce bai sha wuyar harshe ba, tun da Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Abin da ya sha wuyarsa shi ne tsarin. Kafin yaƙin, sojan baƙar fata ba takalmi yake fareti. Bulala tana nan a matsayin horo, ba a ɗage ta a hukumance ba sai bayan yaƙin. Samanja baƙi, wanda ya yi furfura a cikin kaki, yana ƙarƙashin saja Bature da ya sauko daga jirgi jiya. A duk Afirka ta Yamma ta Ingilishi, sai a 1942 aka fara ba baƙin mutum muƙamin hafsa, wani ɗan Gana mai suna Seth Anthony, wanda shi ma ya yi yaƙin Bama.

Daga Ikko, wato Legas, jirgin ruwa ya ɗauke su, ya zagaya ta Afirka ta Kudu. A can, in ji shi, ya fara ganin an rubuta wariya a jikin allo, benci na farare daban, ƙofa daban, tun kafin a ba abin suna a mai da shi dokar ƙasa a 1948. Daga nan sai Bombay. Kuma a Indiya ya ga abin da ya fi wancan girgiza shi: mutane kwance a bakin titi yunwa tana kashe su, don shekarar ce ta babbar yunwar Bengal, alhali ƙasar tana ƙarƙashin tutar da aka ce masa ita ce inuwar talaka. Ya ce ya cire biskit ɗinsa na soja ya miƙa wa wata mata, ta karɓa, amma ba ta da ƙarfin kai shi baki.

A ƙarshen 1943 suka shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan. Duwatsu ne a tsaye kamar bango, da kurmin gora wanda rana ba ta ratsa shi, da ruwan sama da kan yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba. Matsattsaku kan shiga ta ramin igiyar takalmi, sai dare in an cire a ga safa ta jiƙe da jini. Mota ba ta shiga, alfadari ma wani wurin sai ya tsaya. Nan gammo ya yi ranarsa. Akwai rukunoni sukutum na sojoji waɗanda aikinsu dako ne, su ɗora harsashi da sassan igwa da na’urar waya a ka, su hau inda Japanawa suka rantse ba mai hawa. Da adda da diga suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon sama da mil 70 a cikin wannan kurmi. Abinci kuwa daga sama yake zuwa, jirgi ya zo ya saki buhuna da lema, su bi su tsince. Baba Saja da dakon ya fara, kafin a ba shi bindiga, kafin igiya ta hau hannunsa.

Akwai labari guda da ya ba ni sau uku a shekarun da na yi ina zama wurinsa, kuma kowane karo a wuri ɗaya muryarsa ke sauka. Wani ƙaramin hafsa Bature, yaro ne da bai fi shekara ashirin da biyu ba, harsashi ya same shi a ciki. Baba Saja ya goya shi kamar yadda uwa ke goyon ɗa, ya ɗaure shi da mayafin lema, ya yi ta gangara da shi wajen masu magani. Yaron yana kuka, yana kiran uwarsa, yana roƙon ruwa da guntuwar Hausarsa. Kafin su isa ya cika a bayansa. “Ɗan nan,” in ji shi, “a garinmu in Di’o zai wuce, faɗuwa muke yi muna zaki, zaki. Ban taɓa zaton suna jin ƙishirwa irin tamu ba. Ran nan na ji ɗumin jininsa yana bin gadon bayana, na duba, ja ne.” Ya ce ya yi wa yaron kuka, kuma bai ji kunyar kukan ba. Amma tun daga ranar gwiwarsa ta daina lanƙwasuwa don ganin farar fata.

Mu da muke wucewa ta gaban barikokin soja a yau, sau nawa muke tambayar inda sunayensu suka fito? Barikin Dodan a Legas, inda aka mulki ƙasar nan shekaru da yawa, sunan wani wuri ne a Bama. Haka Myohaung a Yaba, garin da rundunonin nan biyu suka haɗu suka ƙwace a watan Janairun 1945. Haka Arakan a Apapa, da Letmauk a Ibadan, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Barikin Chindit na Zariya yana tuna bataliyoyin Najeriya uku da aka jefa can bayan layin Japanawa a 1944. Sunayen suna bakinmu kullum, ɗan acaɓa ma ya san su, amma sun zama kamar tsohon kwabo da hannu ya goge hoton jikinsa.

Baba Saja bai faɗa hannun abokan gaba ba, amma a bakin wannan kogi na Kaladan aka yi wani abu da ya kamata kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya sani. Isaac Fadoyebo yaro ne Bayarabe daga Emure-Ile kusa da Owo, ya shiga soja yana da shekara 16, aka sa shi cikin masu jinya. A farkon watan Maris na 1944 Japanawa suka buɗe wa ayarinsu wuta daga ɗaya gaɓar kogin. Harsashi ya farfasa masa ƙafar dama. Japanawan suka zo suka dube shi, suka ga ba zai kai labari ba, suka bar shi a nan. Ya yi makonni a cikin jeji, raunin yana tsutsa, shi da wani saja ɗan Saliyo mai suna David Kargbo wanda shi ma aka harba. Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne, talakawa manoman shinkafa. Suka riƙa kawo musu abinci a ɓoye, daga baya wani magidanci mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai cikin gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gano, shi da iyalinsa sun gama yawo. Wata tara suka yi a ɓoye, sai a Disamba sojojin ɓangarensu suka iso. A gida tuni an yi musu zaman makoki.

Fadoyebo ya dawo da ɗingishi, ya yi aikin gwamnati a Legas, ya rubuta labarinsa da hannunsa. Abin da ya tsaya masa a rai shekara sittin da ɗoriya shi ne bai yi wa mai gidan nan godiya yadda ta kamata ba. A 2011 wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips, ya ɗauki wasiƙarsa ya bi kogin har ƙauyen, ya tarar Shuyiman ya rasu, amma ’ya’yansa da jikokinsa suna nan, kuma ba su manta da baƙin nan biyu ba. Aka karanta musu wasiƙar, suka yi kuka. Shekara guda bayan haka Fadoyebo ya rasu. Mutanen nan da suka ɓoye ɗanmu, daga al’ummar da yau duniya ke kira Rohingya suke, waɗanda a 2017 fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash da abin da za su iya ɗauka a ka. Ranar da na ga hotunansu a talabijin suna ratsa ruwa da tsofaffi a goye, abin da ya faɗo mini shi ne, muna da bashin ƙwaryar shinkafa a gidan mutanen nan.

Wanda ya ɗanɗani zaman fursuna a cikin waɗanda na sani da idona shi ne abokin hirar Baba Saja, wani tsoho Badamagare mai sayar da kanwa da dabino a bakin kasuwa. Kullum bayan la’asar sai ya zo da ɗan buhunsa, su zauna, wannan ya ce “Sannu, na Faransa,” wancan ya amsa “Yawwa, na Ingila.” Shi Faransa ce ta ɗauke shi, cikin sojojin da ake yi wa laƙabi da na Senegal ko da daga Nijar ko Mali ko Gini mutum ya fito. A watan Yunin 1940, da Jamus ta murƙushe Faransa, aka kama su. Ya ce abu na farko da Jamusawa suka yi shi ne rarraba su, farare nan, baƙaƙe can. A wurare da dama ba a tsaya nan ba, harbe baƙaƙen aka yi, kamar yadda ya faru a Chasselay kusa da Lyon. Wani kyaftin ɗan Gabon, Charles N’Tchoréré, ya ce shi hafsa ne, ba zai fita daga sahun hafsoshi ba, aka harbe shi nan take a Airaines. Waɗanda suka tsira kuwa, Jamusawa ba su so su kai su ƙasarsu, don a ganinsu baƙar fata za ta gurɓata musu jini. Sai aka tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta. Léopold Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko, yana cikinsu.

Tsohon ba ya son dogon bayani a kan shekaru huɗun nan. Yakan ce sanyi, sai ya yi shiru. Saran itace a cikin dusar ƙanƙara, haƙar dankali, tari da ya kwashe abokai ɗaya bayan ɗaya, da sallar da yake yi da taimama a jikin bango don ruwan ya daskare. Amma akwai abin da in ya zo kansa fuskarsa kan saki. Matan garin da ke kusa da sansanin sun haɗa kai, kowace ta ɗauki fursuna guda ta zama kamar uwar ɗakinsa, tana aiko masa da burodi da safa da wasiƙa. Tasa wata tsohuwa ce da ta saƙa masa rigar sanyi, hannun ya yi masa gajere. Wasu mutanen garin har ɓoye masu gudu suke yi a rumbunansu. “Ban san Faransanci ba, ba ta san Hausa ba,” in ji shi, “amma in ta miƙo ƙunshin ta cikin waya mai ƙaya sai ta riƙe yatsana kaɗan.” Abin da ya fi ci masa rai ba Jamusawa ne suka yi shi ba. Daga 1943, a wasu sansanonin, hafsoshin Faransa ne da kansu aka sa gadin su, mutanen da suka yi yaƙi a sahu ɗaya.

Shi ya dawo gida lafiya. Ayarin da ya riga shi bai yi wannan sa’a ba. A ƙarshen Nuwamban 1944 aka sauke tsofaffin fursunoni sama da dubu a sansanin Thiaroye kusa da Dakar. Suka ce ba za su watse ba sai an biya su albashinsu na shekarun da suka yi a tsare. Da asubahin 1 ga Disamba sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, daga baya aka ce 70, masana tarihi da dama suna ganin sun kai ɗaruruwa. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

To, su waɗannan mutane, da suka ga abin da suka gani, wane gari suka dawo suka tarar? An tarbe su da kiɗa, Malam Sa’adu Zungur har waƙar maraba ya yi musu, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Malam Abubakar Imam ta yi shekaru tana kai labarinsu gida-gida. Amma kuɗin sallama ma da launi aka auna shi. Wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 da aka tono a 2019 ta nuna cewa a rundunonin Afirka ta Gabas, farabiti Bature sule 10 ake lissafa masa kan kowane watan aiki, baƙi kuwa sule uku da sisi. Garin kansa a yanke yake. Tun dokar birane ta Lugga ta 1917, unguwar Turawa sai an kewaye ta da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa, wai don kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya kai musu zazzaɓi. A garuruwa da yawa filin nan ne ya zama na sukuwa ko na golf. Cikin ’yan ƙasa, kuku da boyi ne kaɗai ke kwana a unguwar, a ɗakunan bayan gida. A Kano, Turawa suna Nassarawa da Bompai, Kwarori suna nasu yanki, ’yan kudu suna Sabon Gari, baƙi ’yan arewa suna Tudun Wada da Fagge, Kanawa suna cikin ganuwa. Asibitin Turawa daban, kulob ɗinsu daban, manyan muƙaman gwamnati ma sunansu muƙaman Turawa. Mutumin da ya goyi Bature har ya cika a bayansa, ba shi da ikon ya ratsa unguwarsu da yamma sai da dalili.

Katangar ta fara tsagewa ne a Ikko, a watan Fabrairun 1947. Wani babban ma’aikacin ofishin mulkin mallaka na Landan, Ivor Cummings, ya zo aiki tare da abokin aikinsa Bature. An kama musu ɗaki a otal ɗin Bristol. Da mai otal, ɗan ƙasar Girka, ya ga Cummings baƙi ne, mahaifinsa ɗan Saliyo, sai ya ce babu ɗaki. Labari ya bazu kafin gari ya waye. Jaridu suka ɗauka, lauyoyi da ’yan ƙwadago da matasa da ’yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka kafa kwamiti guda ƙarƙashin Sir Adeyemo Alakija, suka tunkari Gwamna Arthur Richards. Jama’ar gari kuwa ba su jira kwamiti ba, suka yi wa otal ɗin dirar mikiya. Cikin ’yan makonni Gwamna ya ba da sanarwar hana wariyar launi a otal-otal da asibitoci da sauran wuraren jama’a. Asibitin Turawa na Legas ya koma asibitin Creek. Unguwar Turawa ta koma unguwar ma’aikatan gwamnati, wadda har gobe muke ce wa GRA. Richards ba mai taushin zuciya ba ne, shi ne ya yi fama da yajin aikin gama-gari na 1945 wanda ya ɗauki kwana 44. Ya dai ga taron da bai taɓa gani ba, kuma ya san akwai dubban mutane a gari da suka iya riƙe bindiga, suka kuma daina jin tsoro. Shekara guda bayan haka, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji a Ankara ta ƙasar Gana suka yi jerin gwano za su kai wa gwamna kukansu kan fansho da aikin yi. Wani hafsan ’yan sanda Bature ya harbe uku: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta buɗe hanyar da ta kai Gana ga ’yancin kai a 1957.

Sanarwar gwamna takarda ce, kuma takarda ba ta tafiya da ƙafarta. A nan arewa, mutane ne suka riƙa taka ta a hankali har ta zama hanya. Baba Saja ya ce su tsofaffin soja sukan haɗu ran Lahadi a gindin wata bishiya kusa da tasha, su da ma’aikatan reluwe da akawuna da teloli, Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi, mai karatu ya karanta jarida da ƙarfi, a fassara wa saura. A nan suka yi shawara, in Bature ya zo wucewa a miƙe tsaye a sara masa irin ta soja, ba faɗuwa, ba tuɓe takalmi, ba sauka daga keke. In an hana ɗayansu shiga wani wuri, gobe su koma su goma, da lambobinsu a ƙirji, su tsaya shiru a bakin ƙofa. In an kori wani daga aiki kan haka, a yi karo-karo a ciyar da gidansa, matansu kuma su sa shi a adashi ya ɗauki kwasar farko. Ba su da suna, ba su da ofis. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, da yawa daga masu zaman gindin bishiyar nan can suka nufa, don a ganinsu wanda ya ƙi durƙusa wa Di’o bai ga dalilin da zai sa dogari ya taka shi ba.

Yanzu jikokinmu suna shiga Nassarawa a keke-napep, su ci tsire a bakin titi, su yi sallar magariba a masallatan da aka gina inda a da ko tsayuwa ba a yi. Haka ya kamata, don haka aka yi wahalar. Kowace 15 ga Janairu kuma ana ajiye furanni, a saki tantabaru, a ce an tuna da mazan jiya. Abin da ke damuna shi ne muna da su a ƙofar gida shekara talatin, arba’in, suna zaune a kan buzu da labarin duniya a bakinsu, muka bar su da gadin sito da sunan taɓin igwa. Rikoda tana gari a lokacin, kaset yana arha, mun ɗauki waƙoƙin biki da wa’azi da wasan kwaikwayo. Su ba mu ɗauke su ba. Wanda ya rage a cikinsu yau ya haura shekara 95. Amma adakokinsu suna nan a gidaje da yawa, a ƙarƙashin gadon wata gwaggo, kuma ’ya’yansu da suka ji wani abu daga bakinsu suna da sauran ƙarfi.

Baba Saja ya rasu ina wajen aiki a wani gari, sai bayan sadakar bakwai na samu zuwa. Abokinsa na Damagaram ya riga shi da shekara biyu. Bara na koma unguwar gaisuwar wata rasuwa, na tambayi gidan, aka kai ni wurin ’yarsa, ita ma ta tsufa, idonta ya fara hazo. Da na faɗi sunan mahaifina sai ta gane ni. Na ce, “Yaya, adakar Baba fa?” Ta aiki jikanta ya jawo ta. Gara ta cinye littafin sallama, darar ma babu. Tauraruwar tana nan, ta yi baƙi, an naɗe ta a cikin ƙyallen gizo. Yaron, wanda bai fi shekarun da nake da su ranar ruwan nan ba, ya tsuguna yana kallo. Na ɗora masa ita a tafin hannu, ya juya ta, ya ce, “Baba, a ina aka ba shi?” Na ce ya kawo wayar kakarsa. Muka buɗe taswira, muka ratsa teku, muka wuce Indiya, muka yi ta matsowa da yatsa har wani siririn layi shuɗi ya bayyana a tsakanin duwatsu, da sunan Kaladan a jikinsa. Ya gyara zama a kan tabarma, ni kuma na fara masa daga ranar da aka nuna mahaifin kakarsa a dandali.